Hobie 16 ko Lightning: wane na hannu za ka saya a Legas?

Duka biyun kwalekwalen tsere ne masu tafiya da iska, kuma kowanne ƙirarsa ɗaya ce tak bisa dokar tsere, don haka tsohon kwalekwale mai lafiya na iya kayar da sabo. A Lagos Yacht Club, kulob ɗin masu kwalekwale da aka kafa a 1932, ana tsere da su duka.

Hobie 16 gangar jiki biyu gare shi, nauyinsa kusan kilo 145, mutum biyu sun isa. Gudu kam ba a magana. Amma kafin ka biya, danna saman kowace ganga da tafin hannu. In ta lotsa, faibar da aka ƙera jikin da ita ta saki, gyaranta kuwa sai ya lashe rarar da ka samu. Duba wayoyin da ke riƙe sandar ƙyallen iska, gishirin teku ba ya raga musu.

Lightning, ƙirar 1938, ya haura kilo 300, sai da mutum uku. Samun abokan tafiya biyu kowace Asabar a Legas, ga cunkoso, shi ne ainihin tsadarsa.

Ni dai Hobie zan ɗauka, kuma daga hannun ɗan kulob mai barin gari. Na Turai sai ka haɗa da kuɗin kwantena da na kwastan a Apapa.