Ƙaguwa: a zubar ko a ci?

Jiya a bakin ruwa a Yauri muka yi ta gardama kan shuɗiyar ƙaguwar tekun nan da ta addabi masuntan Tunisiya tun 2014, har suka sa mata suna Daesh, wato ƙungiyar ISIS, saboda yadda take yayyaga koma ta cinye kifin ciki. Wani ya ce a kama a zubar kawai, ai Italiya ma ta ware yuro miliyan 2.9 a 2023 don yaƙi da irinta, to amma kuɗi ke fita kuma gobe ta sake hayayyafa. Su ko 'yan Tunisiya tarko suka koma kafawa suna sayar wa Asiya, kuɗi na shigowa. Wannan ya fi min, duk da wallahi ko kyauta ba zan ci ba, a bar ni da tarwaɗata.