Zauren Concorde na Le Bourget: kuɗin tikitinka ba zai tafi a banza ba

Jama'a duk wanda Allah ya kai shi Paris kuma yana da rabin yini a hannu, don Allah ya daure ya leƙa gidan tarihin jiragen sama na Le Bourget, wato Musée de l'Air et de l'Espace, yana arewa da birnin a tsohon filin jirgin da Lindbergh, matuƙin da ya fara tsallako tekun Atlantika shi kaɗai ba tsayawa, ya sauka a 1927. Akwai kaya da yawa a wurin, Boeing 747 ne, rokokin Ariane ne a tsaye a fili, jiragen yaƙin duniya ne, amma ni zauren Concorde, jirgin fasinjan nan da ya fi sauti gudu, ne ya kai ni kuma a kansa zan yi magana.

Concorde biyu ne a zauren suna gefen juna. Ɗaya shi ne na gwaji na farko, 001, wanda André Turcat ya fara tashi da shi daga Toulouse ran 2 ga Maris 1969, ɗayan kuma na Air France ne da ake ce wa Sierra Delta wanda ya yi ta jigilar fasinja har 2003. Kuma ba daga nesa za ka tsaya kana leƙe ba, shiga ciki ake yi, ka bi ta cikin wannan ka bi ta cikin wancan, to a nan ne za ka ga bambanci da idonka. Na gwajin cikinsa duk na'urori ne da wayoyi da allunan awo, ba maganar jin daɗin fasinja, shi kuwa Sierra Delta kujeru ne bibbiyu hagu da dama, hanyar tsakiya ƴar siririya, tagogi ƙanana kamar tafin hannu, dogon mutum sai ya ɗan sunkuya a ƙofa. Gaskiya wanda ya saba da manyan jiragen yanzu zai yi mamakin ƙanƙantar cikinsa, mutum 100 kawai yake ɗauka, amma fa mutanen nan ba faɗin kujera suke saye ba, lokaci suke saye, Paris zuwa New York awa uku da rabi, gudu ninki biyu na gudun sauti, sama da kilomita 2,000 a awa, a can sama wajen kilomita 18.

Abin da nake so duk mai zuwa ya riƙe a ransa shi ne jirgin nan ba na Faransa kaɗai ba ne. Da yake kana ƙasarsu kuma tutar Air France kake gani, zuciya sai ta ba ka cewa nasu ne su kaɗai, alhali aikin ƙasa biyu ne tun daga tushe. Birtaniya na da nata zanen a kamfanin BAC, Faransa na da nata a Sud Aviation, kowa ya lissafa ya ga kuɗin ya fi ƙarfin ƙasa ɗaya, shi ne gwamnatocin biyu suka sa hannu a yarjejeniya ran 29 ga Nuwamba 1962, kuma yarjejeniyar ba ta bar ƙofar da ɗaya zai zame ya bar ɗaya da kaya ba, shi ya sa ko da gwamnatin Birtaniya ta so janyewa a 1964 saboda tsada abin bai yiwu ba. Aka raba aiki, Faransawa suka ɗauki kaso mafi yawa na gangar jiki, fukafukin nan mai kusurwa uku da tsakiyar jirgin, Turawan Ingila suka yi gaba da baya da wutsiya, kuma su ke da kaso mafi yawa a injin. Ka tsaya a ƙarƙashin fukafukin ka ɗaga kai ka kalli injinan nan huɗu, Olympus 593 sunansu, asalinsu daga Bristol ta Ingila ne, Rolls-Royce da Snecma ta Faransa suka haɗu a kansu. Hatta wurin haɗawa biyu aka yi, Toulouse a Faransa da Filton a Ingila, na Ingila 002 ya tashi ran 9 ga Afrilu 1969 da Brian Trubshaw a kan sitiyari, sati biyar da ƴan kwanaki bayan na Faransa. Ni wlh wannan ya fi gudun burge ni, injiniyoyi masu yare biyu, wasu sun saba awo da inci wasu da santimita, kuma a ƙarshe ƙarfen da aka yanka a ƙasa ɗaya ya zauna daram a jikin na ɗaya ƙasar.

Sai abin da ya sa na ce mutanenmu musamman ƴan Nijar da Chadi su je. Wannan 001 ɗin da kake tafiya a cikinsa ya ratsa sararin samaniyarmu. Ran 30 ga Yuni 1973 an yi babban husufin rana a Sahara, masana taurari suka sa aka huda rufin jirgin aka yi tagogi suna kallon sama, Turcat ya tashi da su daga Las Palmas a tsibiran Canary ya shiga cikin inuwar wata yana binta da gudu ta kan Muritaniya da Mali da Nijar har suka sauka a Fort-Lamy, Njamena ta yau. Wanda ke ƙasa mafi tsawon duhun da ya samu minti 7 ne da ƴan daƙiƙu, su kuwa a cikin jirgin sai da suka yi minti 74 rana na rufe. Tagogin rufin suna nan, kar ka wuce ba ka ɗaga kai ba, da yawa sauri suke yi su kai wurin matuƙa don hoto su wuce su. Dattawanmu da suka ga husufin nan a ƙasa suna salla da addu'a, ashe a daidai lokacin akwai jirgi a samansu yana tsere da inuwar, ni dai na daɗe a tsaye a wurin.

Labarin ba duka daɗi ba ne, kuma bai kamata a je a dawo ba a tuna ba. Guda 20 kawai aka ƙera, 14 suka yi aikin fasinja, bakwai British Airways bakwai Air France, sauran kamfanonin da suka nuna sha'awa duk suka janye saboda shan mai da ƙarar da yake yi in ya keta gudun sauti, wadda ta sa aka hana shi wannan gudun a kan ƙasashe da dama sai kan teku. An fara jigila ran 21 ga Janairu 1976, na Ingila ya nufi Bahrain na Faransa ya nufi Rio ta Dakar. Sannan hatsarin 25 ga Yuli 2000 da ya ci rai 113 a Gonesse ya faru, nan kusa da gidan tarihin, matuƙan ma filin Le Bourget ɗin suke ƙoƙarin kaiwa wuta na ci a fukafuki. Shekara uku bayan nan aka ajiye su gaba ɗaya.

Maganar zuwa ba wuya, ka hau jirgin ƙasa na RER B ka sauka Le Bourget sai ka kama bas 152, ko metro layi na 7 zuwa La Courneuve shi ma 152 ɗin ne. Ba sa buɗewa ran Litinin, kuma a shekarar da ake babban baje kolin jirage a watan Yuni ka duba shafinsu kafin ka fito don tsarin yakan canja. Ka je da safe ka fara da zauren Concorde kafin ƴan makaranta su cika shi don hanyar cikin jirgin mutum ɗaya take ɗauka, in da yara ka tafi da su, kuma ka sa takalmi mai daɗin tafiya saboda filin na da faɗi sosai.