Kasuwar abincin dare ta Forodhani a Zanzibar: abin saye da abin bari

Rana na faɗuwa masu abinci ke jera teburansu a lambun Forodhani, a bakin teku, daura da tsohon sansanin da Larabawan Oman suka gina a Stone Town, tsohuwar unguwar birnin Zanzibar da ke Tanzaniya. An gyara lambun a 2009, akwai wurin zama da iska mai daɗi. Yawancin mutanen tsibirin Musulmi ne, don haka batun halal ba ya ɗaga hankali.

Teburan da suka fi ɗaukar ido su ne na kayan teku: jatan lande, ƙaguwa, kifi da pweza (wata dabbar teku mai hannu takwas), an tsire su an tara. Nan ne matsalar take. Da yawa an riga an dafa su tun da rana, suna zaune a fili babu ƙanƙara a garin da ke da zafi da laima, sai a ɗumama a kan gawayi na 'yan mintuna. Waje ya yi zafi, ciki bai yi ba, kuma wannan ke kawo ɓacin ciki. Pweza da aka gasa sau biyu tauri yake yi. Mai son kifi ya tafi gidan abinci mai firji, ko ya nemi ɗanye a gasa a gabansa.

Abin da ya cancanci kuɗinka shi ne wanda ake haɗawa kana kallo. Fizar Zanzibar ƙulli ne da ake miƙarwa ya yi siriri, a zuba niƙaƙƙen nama, albasa, ƙwai da mayonis, a naɗe, a soya a kasko har gefe biyu su yi ja. Ka ce a ƙara mata minti ɗaya saboda ƙwan. Urojo kuwa romo ne mai kauri da tsami, launin kurkum, da dankali, soyayyen rogo da bajia mai kama da ƙosai; inda 'yan gari suka yi layi, can za ka tsaya. Ruwan rake ana matse shi da citta da lemun tsami, amma ka ce ban da ƙanƙara.

A yi ciniki kafin a ɗora komai a wuta, a kuma tambayi kuɗin kowane tsinke daban, domin ba kowane tebur ke rubuta farashi ba. Riƙe ƙananan takardun shilin na Tanzaniya.  A watan azumi yawancin gidajen abincin garin ba sa buɗewa da rana.