Habré ko Gbagbo? Ɗauki ta Dakar ka huta

Ƙanena, tsakanin shari'ar Hissène Habré da ta Laurent Gbagbo, tsohon shugaban Côte d'Ivoire, gina furojet ɗinka a kan ta Habré. Ita na yi a nawa, ban taɓa da-na-sani ba.

Mutumin ya mulki Chadi daga 1982 zuwa 1990, ya tsere Senegal ya miƙe ƙafa shekara da shekaru, har Tarayyar Afirka da Senegal suka kafa kotu ta musamman a Dakar. Da aka fara zama a 2015 ya ƙi zuwa, sai ɗauko shi aka yi cak aka dire gaban alƙalai, da farin rawaninsa da baƙin tabarau. Ranar 30 ga Mayun 2016 aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Ina zaune a shagon wani tela ɗan Chadi a unguwarmu a Maiduguri rediyo ta faɗa. Ya ɗage ƙafa daga kan keke, ya yi tsit, can ya ce yayansa ya shiga hannun DDS, 'yan sandan cikin Habré, bai sake fitowa ba. Ranar ya ƙi karɓar kuɗin ɗinkina. Abin rubutawa kuwa ga shi nan jingim: takardun DDS da aka gano a 2001, waɗanda aka azabtar da suka ba da shaida ido da ido da shi, ɗaukaka ƙarar da ya faɗi a 2017, da diyyar sefa biliyan 82 da aka yi ta jan ƙafa wajen biya har ya mutu a 2021.

Ta Gbagbo fa? An kai shi kotun hukunta manyan laifuka ta duniya, ICC, da ke Hague a 2011, aka wanke shi a 2019 don hujjojin masu ƙara ba su kai ba. Na yi asarar kuɗin buga hukuncin, yana can cikin kwali yana shan ƙura.

Ba ka tambaya ba, amma ka kiyayi masu sayar da furojet haɗaɗɗe a bakin ƙofar makaranta. Wanda aka taɓa tallata mini ya ce wai kotun ICC ce ta ɗaure Charles Taylor, tsohon shugaban Laberiya, alhali kotun musamman ta Saliyo ce ta ba shi shekara 50 a 2012. Da na nuna wa mai shagon, cewa ya yi in ƙara kuɗi ya gyara.