Shekara guda a gidan haya mai "komai a ciki" a Kubwa

Da aka canza mini wurin aiki daga Zariya zuwa Abuja a ƙarshen 2023, kuɗin haya a cikin gari ya fi ƙarfina, sai na nufi Kubwa kamar yadda yawancin ma'aikata irina suke yi. Dillali ya kai ni wani gida mai sassa shida, kowane sashe ɗaki biyu da falo. Kuɗinsa ya ɗara na maƙwabta sosai, amma ya ce da ni, "Malam, nan komai a ciki yake. Wuta, ruwa, mai gadi, kwashe shara, har man janareta." Na biya na shekara, na biya la'adarsa da kuɗin lauya, muka tare ni da maiɗakina da jaririyarmu.

Watanni huɗun farko ba ni da abin cewa sai godiya. Wanda ya taɓa zama inda ake jiran 'yan garuwa da asuba zai fahimci daɗin buɗe famfo ruwa ya zubo. Akwai rijiyar burtsatse a gidan, mai gadi yana cika tanki safe da yamma. Ban taɓa tashi tsakar dare neman sayen katin mita ba, kuma babu taron 'yan haya na raba kuɗin wuta, wanda a gidan da na baro ya sha raba zumunci. Albashi na shigowa na san abin da zai tafi abinci da abin da zai tafi mota, shi ke nan. Ga mai ƙaramin iyali wannan natsuwa ba ƙaramin abu ba ce, kuma har yau ita ce babban abin da nake yaba wa tsarin.

Sai azumin 2024 ya zo cikin tsananin zafi. A farkon Afrilu, ana cikin goman ƙarshe, hukumar kula da wutar lantarki ta ƙara kuɗin wuta ga 'yan rukunin A, waɗanda ake wa alkawarin awa 20 a rana, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 kowane yunit. Layinmu yana ciki. Litar dizal kuwa ta riga ta haura naira 1,000. Bayan salla da mako guda muka tarar da takarda a ƙofa: janareta daga ƙarfe bakwai na yamma zuwa sha ɗaya kawai, ba a yarda da na'urar sanyaya ɗaki ko hita ko dutsen guga a kansa ba, kuma kowa zai ƙara wani abu duk wata.

Abin ya yi mini zafi, domin jaririyar ta kwana uku tana kuka, ƙurajen zafi sun rufe mata wuya. Na ɗauko yarjejeniyar da na sa wa hannu na karanta da kyau, abin da ban yi ba tun farko. Layi ɗaya ne tak: haya ta haɗa da wuta da ruwa. Ba a ce wuta awa nawa ba, ba a ambaci janareta ba, balle abin da za a yi idan farashi ya tashi. Duk sauran a bakin dillali suka tsaya.

Na je wurin mai gidan, dattijo ne mai haƙuri. Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, ba haka muka yi ba." Bai yi musu ba. Ya buɗe wayarsa ya nuna mini abin da yake zubawa a mita ɗaya da duk gidan yake sha, ya ce, "Ɗana, duba da kanka." Gaskiya na ga asara yake yi. Na kuma ga wani abin da na daɗe ina kau da kai a kansa: tunda babu wanda yake jin zafin kuɗin a aljihunsa, akwai sashen da ake barin na'urar sanyi a kunne a tafi aiki, akwai mai manyan firji biyu na sayar da ƙanƙara. Ni mai fanka biyu da ƙaramin firji, kuɗinmu ɗaya da su. Wannan ne ya fi damuna, fiye da ƙarin kuɗin.

Hanya ma sai a yi lissafi da ita. Titin Kubwa yana da faɗi, amma idan ban fita kafin ƙarfe shida da rabi ba, cunkoso ne zai cinye mini safiya.

Da shekara ta cika na sake biya, amma da sabuwar takarda. Ruwa, gadi, shara da fitilun tsakar gida suna nan a cikin haya. An sa wa kowane sashe ƙaramar mita, kowa ya biya abin da ya sha. Awannin janareta an rubuta su da lamba, kuma ba za a ƙara komai ba sai da sanarwar wata guda. Mai ƙanƙarar ya tashi a watan da aka sa mitocin. Mu kuma abin da muke biya na wuta yanzu bai kai ƙarin da aka ɗora mana a Afrilu ba.