Kafin ka ƙaura da kwastomominka zuwa sabon kantin intanet: wane dandali, wace lambar rangwame?

Kaya ba su da wuyar kwashewa. Hotuna da farashi da bayanin kowane kaya, duk ana iya loda su a sabon kanti ba tare da wani tashin hankali ba. Mutane ne ke zubewa a hanya. Wanda ya saba saye a wurinka shekara da shekaru zai zo ya tarar adireshi ya canja, kalmar sirrinsa ba ta buɗewa, tarihin odarsa ya yi ɓatan dabo. Yawancinsu ba za su yi maka ƙorafi ba, rufe shafin kawai za su yi su nufi wani wurin. Don haka in kana auna dandalin da za ka koma, wato manhajar da kantin zai zauna a kai, ajiye maganar kyawun shafi tukuna, ka yi tambaya biyu: yaya zai karɓi tsofaffin kwastomomina, kuma zai bar ni in ba kowa lambar rangwame tasa shi kaɗai?

Maganar kalmar sirri ita ce ta fi ba mutane mamaki. Kantin kirki ba ya ajiye ta yadda aka rubuta, yana dagula ta ne da wani lissafi da ba a warwarewa, kuma kowane dandali da irin nasa lissafin. Shi ya sa in ka tashi daga wani dandali zuwa wani daban, galibi sai kowa ya sake buɗe asusunsa. A nan lambar rangwame take da amfani na gaske. Kana roƙon mutum ya ɓata lokacinsa a kan ƙaurar da ba shi ya nema ba, ai ya kamata ya samu abin da zai sa wahalar ta biya shi.

Shopify, kamfanin ƙasar Kanada da ya fara a 2006, shi ne mafi sauƙi ga wanda ba ya son hulɗa da harkar fasaha. Kana biya wata-wata, su ke riƙe da shafin da tsaronsa. Yana karɓar jerin kwastomomi ta fayil ɗin CSV, wato jadawali irin wanda ake buɗewa da Excel, amma ba ya karɓar kalmomin sirri, tarihin oda kuma sai an haɗa da ƙarin manhaja. Abin da ya rage zafin wannan shi ne sabon tsarin asusunsa: mutum ya rubuta imel ɗinsa, a aiko masa da lamba mai alƙaluma shida, ya shiga, ba ruwansa da tuna kalmar sirri. Wajen rangwame kana iya keɓe lamba ga wasu mutane ko wani rukuni, ka ƙayyade sau ɗaya ga kowa. Ƙirƙirar dubban lambobi daban-daban a lokaci guda ne ke bukatar manhajar waje. Ka kuma duba ko tsarin biyan kuɗinsa, Shopify Payments, yana aiki a ƙasarka, domin in ba ya yi, akwai ƙarin kason da suke cira a kowane ciniki.

WooCommerce ya fito a 2011, a kan WordPress, manhajar gina shafukan intanet, yake zama, kamfanin Automattic ya saye shi a 2015. Manhajar kyauta ce, amma ma'ajiyar shafin da sabuntawa da gyara in abu ya lalace duk a wuyanka suke. Ni dai tsarin rangwamensa ya fi kwanta mini a rai, saboda akwai gurbin da za ka rubuta adireshin imel ɗin da aka yarda ya yi amfani da lambar, ga ranar ƙarewa, ga mafi ƙarancin abin da za a saya, ga hana haɗa ta da wata lambar. Shigo da kwastomomi kuwa sai da ƙarin manhaja, hanyar shigowar da ya zo da ita ta kaya ce kawai. In tsohon kantinka ma a kan WordPress yake, ka yi sa'a, kalmomin sirri za su iya ƙaura yadda suke.

PrestaShop na Faransa yana shigo da kwastomomi ta CSV da kansa, yana kuma barin ka ɗaure rangwame ga mutum ɗaya tak. Magento, wanda Adobe ya saya a 2018, yana ƙirƙirar lambobi masu ɗimbin yawa ba da taimakon kowa ba, sai dai nauyinsa ya fi ƙarfin ƙaramin kanti da ba shi da ma'aikacin fasaha.

Ita lambar kanta, guda ɗaya ga kowa da kowa ta fi sauƙi, kuma ita ce ke fara yawo. Wani ya tura wa abokinsa, kafin ka ankara ta faɗa shafukan da ke tattara lambobin rangwame, sai ka tarar kana rage wa baƙi kuɗi alhali don na gida ka yi. Lambar da aka yi wa mutum ɗaya, sau ɗaya, mai ranar ƙarewa, tana toshe wannan kafa, tana kuma nuna maka wa ya dawo, wa ya yi shiru. Kuma kada ka yi wa kowa kuɗin goro. Wanda ya sayi kaya kwanan nan ɗan ihsani ya ishe shi. Wanda ya shekara bai leƙo ba, shi ne ke bukatar tayi mai tsoka. Ka lissafa ribar da ke kan kowane kaya kafin ka yanke kaso, kada rangwamen ya cinye ta.

Wajen aika lambobin ta imel, akwai manhajojin aika saƙo ga jama'a da yawa. Klaviyo yana haɗuwa da Shopify ya saka wa kowane mai karɓa lambarsa a cikin saƙo kai tsaye. A Mailchimp ko Brevo, hanya mafi sauƙi ita ce ka ƙara wa jadawalin sunaye gurbi guda na lambar, saƙon ya ɗauko ta kamar yadda yake ɗauko suna. Mailchimp da Klaviyo suna lissafin kuɗinsu ne bisa yawan mutanen da ke jerinka, Brevo ya fi karkata ga yawan saƙonnin da ka aika, don haka mai dogon jeri da ba ya yawan aikawa ya fara duba Brevo. Tun Fabrairun 2024, Gmail da Yahoo sun tsaurara wa masu aika saƙo da yawa. A Gmail, duk mai aika saƙo 5,000 a rana sai ya saita SPF da DKIM da DMARC, wato hanyoyin tabbatar da cewa saƙon daga adireshinsa ya fito, ya sa hanyar ficewa da latsawa ɗaya, kuma masu kai ƙarar saƙonsa kada su kai kashi 0.3 cikin ɗari. Sabon adireshin imel da ya tashi rana ɗaya ya watsa dubban saƙonni, kwandon shara ne makomarsu. A aika kaɗan-kaɗan, a fara da waɗanda suka fi buɗewa.

Saƙon tes yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar ka sa ƙ ko ɗ ko ɓ, sai ya koma 70, kuɗin ya ninka. Jerin watsa saƙo na WhatsApp Business mutum 256 yake ɗauka, kuma sai wanda ya ajiye lambarka ne zai gani.

Kowace hanya ka zaɓa, yardar mutum ita ma kaya ce da dole ta ƙaura tare da sunansa. Wanda bai amince da saƙon talla a tsohon kanti ba, bai amince a sabo ba. Mai kwastomomi a Tarayyar Turai ya san dokar kare bayanan mutane ta GDPR da ta fara aiki ranar 25 ga Mayu, 2018 ba ta wasa da wannan.

In ni zan zaɓa wa wanda yake shi kaɗai a kantinsa, Shopify ne da lambobin da aka ɗaure ga mutum. In yana da mai kula masa da shafi, WooCommerce. Kafin ka loda jerin duka, gwada da mutum goma. Buɗe fayil ɗin ka duba da idonka: Excel yakan share sifilin farkon lambar waya, sunaye masu ƙugiya kuma suna rikiɗewa su zama alamomin banza in ba a adana fayil ɗin a tsarin UTF-8, wanda ke gane irin waɗannan haruffa, ba. Sannan ka saita juyawa ta 301, wato umarnin da ke kai mai ziyara sabon adireshi kai tsaye, daga kowane tsohon shafi zuwa takwaransa a sabon kanti, kafin saƙon farko ya fita.