Kafin ka sayi mota a Kumasi, fara neman bakanike

Mai neman mota a Kumasi yana da ƙofofi uku: sabuwa daga wakilin kamfani, ko ta hannu da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Tema, ko kuwa wadda ta riga ta sha hanyoyin Gana a hannun wani.

Sabuwar ba ta bukatar dogon bayani. Volkswagen ta fara haɗa motoci a Accra a 2020, Toyota ta biyo baya a Tema a 2021, kuma motar kamfani tana zuwa da garanti, sai dai kuɗinta ya fi ƙarfin yawancinmu.

Inda ake yawan cutar mutane shi ne wajen motocin waje. Da yawansu daga gwanjon Amurka da Kanada aka sayo su bayan sun yi hatsari ko ambaliya ta shanye su, aka buge su, aka fesa fenti, har suka yi ƙyalli kamar ba abin da ya taɓa samunsu. Ba dukan dillalai ne macuta ba, amma wanda la'adarsa ta rataya a kan cinikin ba zai nuna maka aibin hajarsa ba. Saboda haka ka duba lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, ka tabbatar ta jikin gilashin gaba ta yi daidai da ta bakin ƙofar direba da ta takardun kwastan, sannan ka bincika tarihin motar a Carfax, shafin intanet mai adana tarihin motocin Amurka da Kanada. Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa, domin tsatsa a ƙafafun kujeru da warin danshi alamun ruwa ne, kuma motar da ruwa ya shiga wayoyinta ba ta daina cin kuɗi.

Wadda aka hau a nan ta fi araha, kuma ana iya sanin mai ita, muddin an je DVLA, hukumar rajistar motoci ta Gana, tare da shi an sauya suna.

A ganina, zaɓen bakanike ya riga zaɓen mota. Suame Magazine, unguwar bakanikai ta Kumasi, cike take da gwanaye, kowa da fanninsa: mai injin daban, mai lantarki daban, mai giya daban. Ka tambayi direbobin tasi na Aboabo ko Asawase wurin wa suke kai nasu, tunda abincinsu ke nan. Ka gwada shi da ƙaramin aiki. Mai gaskiya yakan mayar maka da tsohon kayan da ya cire, ba ya jin haushi idan ka bi shi shago sayen kayan gyara, kuma yana iya cewa: "Alhaji, wannan ba aikina ba ne, je wurin mai lantarki."

Ranar duba mota, kada ka karɓi bakaniken da dillali ya kawo. Ka tafi da naka da sassafe kafin a tayar da injin, ya jona mata na'urar gano matsala, kuma ku yanke ladansa tun daga gida, ko an saya ko an fasa.